Tasar da Muka Ware wa Wanzami

A unguwarmu maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame magariba kowane magidanci zai sa a fito da akushinsa a kai ƙofar gidan baffanmu, wanda shi ne babba a dangi tun rasuwar mahaifinmu. A shimfiɗa tabarmi, a jera akusa, a buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Da wanda aka tuƙa a gidansa da wanda ba a ɗora tukunya ba, tare suke tashi da ƙoshi, kuma ba mai tambayar wani. Garinmu ƙarami ne, a kan tudun duwatsu tsakanin Buza da Babankatami. A shekarun da nake magana, bayan babban farin nan da ya share mana shanu, wannan cin tare shi ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Wurin zaman wanzami yana hannun daman baffa, tun kafin in yi wayo. Sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma wasa suke yi kamar tobasai. Baffa yana da sanƙo har ƙeya. Wanzami yakan ce a duk garin nan baffa kaɗai ke ba shi damin hatsi a kan aikin da Allah ya riga ya gama. Baffa kuwa yakan ce askar wanzami ba ta da kaifi sai a kan tuwon mutane. Kullum sai sun yi wannan, kullum kuma sai mun yi dariya kamar ba mu taɓa ji ba.

Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi tsagar da ke kumatuna, shi ya yi mini kaciya. Haka yake ga kusan duk namijin da ke zama a tabarmar nan. Ranar kasuwa yakan zauna gindin wata aduwa da zabirarsa, Fulani da Buzaye su zo daga ruga su tuɓe riga su ba shi baya. Ya kafa ƙaho, ya tsotsa da bakinsa, ya toshe, ya tsattsaga, ya sake kafawa, sannan ya juye baƙin jini mai gudaji a wani rami da ya tona kusa da ƙafarsa ya rufe da ƙasa. Mai haƙori ya zo, mai maruru ya zo, macen da jaririnta ya ƙi nono ta aiko. Mu mutanen gari ba mu biyansa a hannu. In kaka ta yi kowane gida ya kai masa dami, ranar suna kuma kafaɗar rago tasa ce. Ban taɓa jin an tashe shi ya ce sai gobe ba.

Akushin gidansa kuma shi muka fi jira. Matarsa ta iya daddawar batso, miyarta tun daga lungu ake jin ta. Baffa yakan sa a ajiye akushin wanzami a ƙarshe, wai don a tashi da daɗi a baki.

A shekarar da abin ya faru yayana ya dawo daga biɗa, wato ci-rani, a Abijan. Ya makara, sai da aka gama shuka ya iso. Ya zo da rediyo, da sabulu mai ƙamshi, da ɗan madubi, da reza cikin takarda. Ya daina kai wa wanzami kansa, ya bar suma a gaba yana gyara gefe da kansa. Wanzami bai ji haushi ba. Ɗan Abijan yake ce masa, yakan ce ya kawo kan nan a rage kafin tsuntsaye su yi sheƙa. Ni kuwa Ɗan lakkwal yake kirana, wato ɗan makarantar boko, don na ɗan zauna aji a Buza kafin a cire ni a maida ni gona.

Damina ta yi kyau a wannan shekara, kurkunu ma ya yi kyau. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Wuri ne zai yi ta zafi a ƙafa kamar an ɗora garwashi, ya yi bororo, ya fashe, sai kan wata farar tsutsa ya leƙo kamar zare. Ba a jan ta da ƙarfi. A tsinke ake naɗe ta, kaɗan yau kaɗan gobe, don in ta tsinke a ciki ƙafar kumbura take yi ta ɗuri ruwa, mutum ya kwanta har a gama noma. Ba mu san daga ruwan tabki take ba, wanzamin ma bai sani ba, sai daga baya ma'aikatan lafiya suka zo mana da ƙyallen tacewa. Tabkin da jakai ke tsayawa a ciki suna fitsari, wanda masu ciwon ke tsoma ƙafa don su ji sanyi, shi matanmu ke ɗebowa, da shi ake dama mana hura, mu sha mu yi hamdala.

Lokacin noman farko ne, gida ɗaya sai ka tarar da mutum biyu ko uku a kwance, hauya a jingine. Wanzami ya bar tasa gonar ya shiga bin gidaje. Da safe ya naɗe wa wannan, ya shafa wa wancan man shanu ya ɗaure da tsumma, wanda tasa ta tsinke kuma ya yi masa sakiya.

Ɗan baffa na cikin waɗanda tasu ta tsinke, a gwiwa. Aka kira ni in riƙe ƙafar. Gwiwar ta yi kamar tulu, fatar tana ƙyalli. Wanzami ya sa ƙarfensa a garwashi har ya yi ja, yana ta ba ɗan baffa labarin wani Bafillace da ya zo ƙaho ya suma tun kafin a taɓa shi. Bai kai ƙarshen labarin ba ya soka. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ne mai kauri, rawaya da jini, ya yi tsartuwa ya sami hannun rigar wanzami har gemunsa. Warin kuwa kamar an buɗe cikin mushen akuya da ya kwana a rana. Shi ko fuska bai kawar ba. Ya sa manyan yatsunsa biyu yana matsawa, abin yana bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a ƙasa, ƙudaje sun riga sun taru. Na saki ƙafar na ruga bayan rumbu na amayar da duk hurar da na sha.

Da na dawo yana goge hannu da ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan lakkwal, ran da na yi maka kaciya ma haka ka yi. Sai dai ran nan ta ƙasa ka sako."

Har ɗan baffa da ke nishi sai da ya yi dariya.

Da magariba wanzami ya zo ya zauna wurinsa. Ya wanke hannu, na gan shi, har da toka ya sa kafin ya tsoma a ƙwaryar da muke wanki. Amma rigar nan ce a jikinsa, tabon ya bushe a hannunta. Akushin farko miyar kuka ce, ta yi yauƙi. Na ga yatsun nan sun yanko tuwo kusa da nawa, sun dangwalo miya tana bin su tana zarara, sai lomar da ke bakina ta ƙi wucewa. Na daure na haɗiye, na riƙa tsakura daga gefe. Yayana, wanda na riga na ba shi labarin sakiyar da rana, ya janye hannu ya ce ya ƙoshi, ya tashi.

Washegari a gona yayana ya fara maganar. Ya ce a Abijan ko mai sayar da shinkafa a bakin hanya cokali yake ba ka, kowa da farantinsa. Ya ce mutum ya wuni yana dama ruwan ƙafafun mutane, ya tsotsi jininsu da baki, sannan a ce ka haɗa akushi da shi. Biyu daga cikin 'yan'uwanmu suka ce su ma abin yana damunsu, kunya ce ta hana su faɗa. Ɗayansu shekararsa ba ta cika ba da wanzami ya cire masa haƙorin da ya hana shi barci.

Da aka kai wa baffa maganar daina haɗa akushi da wanzami ya ƙi. Ya ce tun suna yara hannun nan yake gani a akushi bai mutu ba, kuma wanda ya ga ba zai iya ba ya ci a ɗakin matarsa. Da an bar shi a nan da maganar ta mutu. Ni na tashe ta. Na ce ba ƙyama ba ce, a lakkwal an koya mana akwai wasu ƙwayoyi da ake kira mikrob, ido ba ya ganinsu, toka ba ta kashe su, ta hannu suke bi su shiga ciki. Iyakar abin da na sani ke nan a kansu, kuma ban tuna da su ba ko sau ɗaya a bakin tabki. Amma maganar ta fito daga wanda ya zauna aji, sai ta yi nauyi. Baffa yana da ɗa a kwance, sai ya ce to mu yi yadda ba za a ci mutuncin mutum ba.

Dabarar da muka yi ita ce a zuba masa nasa daban a ce girmamawa ce, tsoho ne, ya gaji, bai kamata yana miƙa hannu cikin samari ba. Ba wanda ya tsaya ya ce ai baffa ma tsoho ne. Aka aika cikin gida a kawo tasa. Matan gidan sun riga sun ji dalilin, don haka ba su bayar da ta kirki ba. Suka lalubo wata farar tasa mai ɓamɓararren baki, wadda aka ware wa wani ƙanen baffa lokacin da ya yi doguwar jinyar tari har ya rasu. Tun rasuwarsa take kife a kan danga. Duk mun gane ta. Wanzami ya fi mu gane ta, don shi ya riƙa zuwa yi wa mamacin ƙaho, yana ganinta a bakin shimfiɗarsa.

Yayana ya ajiye masa ita a gaba da tuwo a ciki, ya faɗi maganar girmamawar da muka shirya. Wanzami ya dubi tasar, ya juya ta ya dubi wurin ɓamɓarar. Sannan ya dubi baffa. Baffa yana ta gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

"Mai sanƙo," ya ce, "tari ka ji ina yi?"

Baffa ya ce, "Yara ne suka ga ka gaji."

"To, Allah ya yi musu albarka. Sun iya gani."

Ya yi bisimilla ya ci. Ba a yi wasan dami ba a daren nan, ba a yi na aska ba. Rediyon yayana ne ya yi ta magana shi kaɗai.

Abin da har yau in na tuna nake jin kamar in tofar da yawu shi ne akushinsa. Mun ware mutumin amma ba mu ware tuwon gidansa ba. Da aka zo ƙarshe aka jawo shi kamar kullum, aka buɗe, ƙamshin batso ya tashi. Wani ya yanko loma biyu ya jefa masa a tasa, mu kuma muka taru a kan sauran, har da suɗe gefe. Matar da ta tuƙa shi ita ke wanke tsummokaransa da hannunta, mun sani. Mikrob bai hana kowa ba. Yana zaune taku ɗaya daga gare mu yana kallon hannuwanmu a cikin akushinsa.

Ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, tasar tana jiransa. Da safe kuma yana bin gidajenmu kamar yadda ya saba. Daga baya sai akushin ya riƙa zuwa ba shi, matarsa ta kawo bakin lungu ta ajiye ta koma. Muka ce fushi yake yi, zai huce. Muka ci gaba da cinyewa. Ran da akushin ma bai zo ba, abin da na ji an ce a tabarma shi ne yau ba batso.

Ni ma ba zumunci ya kai ni gidansa ba. Matata ce ta haihu, ɗan fari, namiji, suna ya matso, ana bukatar mai aski. In ba shi ba, wanzami mafi kusa da mu a Babankatami yake, ƙorama kuma ta kawo ta raba hanya. Na tafi da goro a aljihu.

Tun daga zaure warin ya tarye ni, irin na gwiwar ɗan baffa. Yana kwance a rumfa, ƙafar hagu a kan turmi kife, ta kumbura daga idon sawu har ƙwauri. Kurkunu ya kama shi tun kwanakin da yake zuwa cin tuwo a tasa, bai faɗa ba. Garin bin gidaje tsinken ya maƙale a danga, tsutsar ta tsinke. Matarsa ta ce shi ya yi wa kansa sakiya. Ita ta hura wutar, ta danne masa gwiwa, ya soka da hannunsa, bai samu daidai ba sai da ya sake. Tana faɗa tana kore ƙudaje da mafici, ba ta dube ni ba. Na tambaya ko wani ya leƙo. Ta ce Bafillatani ɗaya ya kawo nono, wanda yake yi wa ƙaho. Gonarsu na gan ta a hanya, ciyawa ta fi hatsi tsawo. A garin da ake yi wa mai jinya gayya, ba wanda ya ɗaga hauya, don ba wanda ya tambaya, mun ce fushi yake yi.

Na durƙusa na gaishe shi, numfashina a riƙe. Ya lura. Ya ce in matsa baya kaɗan, iska ta fi kyau a can. Na faɗi abin da ya kawo ni, kunya kamar ta kashe ni. Ya yi barka, ya tambayi lafiyar mai jego, ya ce a aiko da jaki.

Ranar suna aka ɗauko shi a kan jaki, ƙafar a naɗe da tsumma, zabira a wuya. Aka zaunar da shi a tabarma ya miƙe ƙafar gefe. Aka kawo masa yaron. Ya jiƙa kan, ya aske shi tas, ya yi tsagar gidanmu. Sannan ya buɗe bakin jaririn ya sa yatsa har maƙogwaro ya cire beli, kamar yadda ake yi a lokacin. Yanzu likitoci sun hana wannan, kuma na yarda da su. Amma a ranar duk muna tsaye a kansa, da ni da yayana da sauran, yatsan da muka ƙi a cikin tuwo yana cikin bakin ɗana. Addu'a muke yi Allah ya sa hannunsa ya yi albarka.

Da rana ta yi aka fito da tuwon suna da nama. Baffa ya riga ya ji labarin ƙafar da na gonar, ya zage mu tun da safe, ya zagi kansa. Ya sa aka ajiye babban akushi daidai gaban wanzami, ya zo ya zauna a hagunsa yadda suka saba, ya tura masa ƙwaryar wanki.

"Wanzam, matso. Ka ga kaina ya yi suma tun da ka ɓace."

Wanzami ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Muka zagaye akushin, aka bar masa wuri, ba wanda ya fara. Ya yarfe ruwan, ya dubi yayana.

"Ɗan Abijan, ina tasata?"

Yayana ya ce, "Baba, a bar maganar nan."

"Ba magana ba ce, yunwa nake ji. A kawo mini tasata."

Baffa ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya tuna masa kiwon awaki. Wanzami bai ɗaga murya ba, bai kuma sa hannu ba. Tuwo yana hucewa, baƙi daga wasu garuruwa suna kallo ba su san abin da ake ciki ba. A ƙarshe ni na shiga gidan baffa na ɗauko ta a kan danga. Kaji sun yi kashi a bayanta. Na wanke ta da sabulun yayana, na zuba tuwo da nama na kawo masa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya raya yaro.

Bayan sunan mun yi masa gayya, amma lokaci ya wuce, abin da gonar ta bayar bai taka kara ya karya ba. Ƙafar ta warke ta bar shi da ɗingishi. Ya koma gindin aduwa, ya koma bin gidaje. Rezar yayana ta ƙare kafin rani, ya kai kansa da kansa, wanzami ya aske shi yana tambayarsa labarin teku. Sauran 'ya'yana duk shi ya yi musu aski da kaciya, har shekarar fari na biyu da ya rasu.

Tabarmar magariba dai bai sake zama a kanta ba, akushin gidansa ma bai sake fitowa ba. Baffa ya hana kowa zama a hannun damansa har ya mutu. In ana suna ko ɗaurin aure wanzami yakan zo, ya gama aikinsa, ya yi wasa da kowa, in an kawo abinci sai ya buɗe zabira. Tun ranar sunan ɗana ya tafi da tasar, a zabirar yake ajiye ta, tare da ƙaho da asake. Ya fito da ita, ya goge ta da bakin riga, ya miƙa a zuba masa.